Ɗari Uku da Hamsin ɗin Bakri

Shekara goma na yi ina faɗa da Bakri a kan riyal ɗari uku da hamsin. Ba na jin akwai macen da ta taɓa yi wa kuɗi kaɗan irin wannan yawan magana a duk faɗin Madina. Idan albashi ya shigo, banki ya cire ƙisɗinsa, wato abin da muke biya duk wata na kuɗin gida, sai mijina ya ɗora tabarau a karan hanci ya ƙara musu ɗari uku da hamsin daga abin da ya rage mana. Ba wanda ya roƙe shi. Da farko da ƙafarsa yake zuwa ya bi layi, daga baya waya ta hutar da shi, amma wata bai taɓa wucewa bai yi ba.

"Abu Afnan," nakan ce masa, "su masu bankin yunwa suke ji ne?"

"Ki bar ni, Sabuwa. Ni na san abin da nake biya."

Amsar ke nan, ba ta canzawa. Ko hawa na yi, ko sauka na yi, ko a jikinsa.

Ni 'yar Fagge ce, a Kano aka haife ni, aure ne ya kawo ni nan. Shi kuwa haifaffen Madina ne, kakansa ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratso ta Sudan, ya zauna bai koma ba. Don haka Bakri ɗan ƙasa ne da takardunsa, abin da ya sa banki ya saurare shi ke nan tun farko. A filin jirgi yake aiki, shi ne babba a kan masu sauke kayan alhazai. Hausarsa irin ta kakarsa ce, tsohuwa tukuf, har mutanen Kano da Damagaram kan tsaya su yi ta dariya idan ya yi musu sannu da zuwa, shi ma ya taya su.

Kafin mu sami gidan nan haya muka yi ta yi a unguwar Anbariyya. Sau biyar muna tashi. Da an ga lokacin aikin Hajji ya matso sai mai gida ya tuna cewa ɗansa zai yi aure, ko ya ninka kuɗi, mu kuma mu naɗe tabarmi. Ranar da Bakri ya kawo ni nan, hawa na biyu, ɗaki uku da falo, ya miƙo mini makulli, na yi kuka har 'yarmu Afnan, lokacin tana shekara tara, ta tsorata. Shekara ashirin za a yi ana biya. Na ce ko arba'in ce na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarin. Mukayyif ɗin ɗakinmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya yi shekara uku yana ƙara kamar injin markaɗe, iska kuma sai dai sunanta, a zafin Madina da kowa ya san shi. Afnan ta shiga sakandare da jakar da ta yi firamare. Cikin shekara goma sau biyu na leƙa Kano, kuma da mahaifiyata ta rasu a waya na karɓi gaisuwa. Ban ce ɗari uku da hamsin ne ya hana ni ganin gawarta ba, ko da kuɗin a hannu ba zan riske ta ba. Amma zuciya ba ta yin wannan lissafin, kuma na daɗe ina riƙe da shi a kan haka.

Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne maganinsa. Mutum ɗan ƙasa, asibitin gwamnati kyauta, amma ya yi ƙememe ya ce ba zai taka ba. Yayana Sanusi ne ke sayo masa wasu ƙwayoyi a Kano, ya zuba a gwangwanin madara, ya cusa tsakanin kuka da daddawa, ya ba masu zuwa Umara su kawo. Bakri ya ce na hawan jini ne, kuma na Kano ya fi karɓar jikinsa. Ni kuwa na sami abin tsokana.

"Ban taɓa ganin marowacin da ke gudun abin kyauta ba sai kai."

Sai ya yi dariya ya kora ƙwayar da shayi.

Afnan ce ta fasa maganar ba da saninta ba. Ta shiga jami'a tana karatun lissafin kuɗi, kanta ya cika da ilimi, ba abin da za a yi a gidan nan ba ta sa baki ba. Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana na sake tayar da zancen, sai ta ce a ba ta takardun gida ta gani. Ta baje su a kan darduma, ta yi ta latse-latse a waya. Afnan tana jin Hausa sarai, amma sai dai a yi mata ta mayar da Larabci, haka duk yaran nan suke.

"Ya Baba, wallahi ma yiswa," ta ce, wato abin bai kai wahalarsa ba.

Ta yi bayani dalla-dalla, ni kuma ina gyaɗa kai kamar ina fahimtar rabi. Ta ce duk ƙarin da ya yi cikin shekara goma bai rage masa ko shekara biyu cikakku ba. Ta ce irin wannan ciniki tun ranar farko aka yanke ribar banki, abin da suke sassautawa idan an biya da wuri bai taka kara ya karya ba. Da ya tara kuɗin a gefe, da yanzu yana da abin da zai taɓa idan wata lalura ta taso, amma kuɗin da ya shiga bangon gida ya shiga ke nan. Sannan ta ɗago wata takarda ta nuna da yatsa. Ta ce ga shi ma a rubuce, akwai takaful, wato inshora, a kan bashin, idan mai gida ya rasu, Allah ya ja kwana, abin da ya rage yafewa ake yi gaba ɗaya, ko da yawa ko kaɗan.

Na tafa hannu. "To ka ji! Ashe ma kyauta kake ba su."

Na jira ya ce in bar shi. Bai ce ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya dubi 'yarsa ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin iya lissafi." Ya tashi ya shige ɗaki. Na ci nasara, amma jikina ya yi sanyi, don ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Washegari da safe ya ce in shirya mu je Badar sayen dabino. Yana da wani abokinsa mai gona a can, duk shekara mukan je. Mun yi fiye da awa muna tafiya. Da muka kusa gari sai ya gangara gefen hanya, ya tsaya a inuwar wata gonar dabino, ya bar injin yana aiki saboda sanyi.

"Kin tuna zuwanmu Kano bikin ƙanwarki, kafin mu sayi gida?"

Na ce na tuna.

"Kin tuna ranar da na fita da Yaya Sanusi muka daɗe?"

Ashe asibiti suka je. Ƙirjinsa ne ya riƙe, likita ya duba ya ce zuciyarsa ta kumbura, tana bukatar kulawa sosai. Ya roƙi Sanusi ya rufa masa asiri. Wata uku bayan nan banki ya ajiye masa takarda a gaba, cikin tambayoyin har da ko yana da ciwon zuciya. Ya san in ya ce e, masu takaful ba za su ɗauke shi ba, banki kuma ba zai ba da gida ba.

"Sai na ce babu," ya ce. "Na gaji da ganin ki kina ɗaure tukwane a zani duk shekara biyu."

Ya ci gaba yana kallon sitiyari.

"In na je asibiti a nan, za su buɗe fayil, za su ga ciwon tsoho ne. Ranar da na mutu su ce na yi ƙarya, ba yafiya, su karɓe gida ku koma haya. In ban je ba, za su yafe, amma a kan ƙarya suka yafe. Kuɗin mutane ne, Sabuwa. Kin san abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya shiga kabari da haƙƙin wani. Duka biyun ba na so. Hanya ɗaya na gani, in biya da hannuna kafin in tafi."

"Da ɗari uku da hamsin?"

"Shi nake da shi."

Na yi masa tatas a motar nan. Na kira shi mahaukaci, na kira Sanusi munafuki, na ce gidan ya ci wuta, ni mijina nake so. Na yi kuka har muryata ta dushe. Ya bar ni na gama, sannan ya ce zai je asibiti bayan azumi. Muka ƙarasa muka sayi dabino kwali biyu muka dawo.

Daga ranar ban sake buɗe baki a kan ƙarin ba, na koma faɗan asibiti. Bayan azumi ya zama bayan Hajji, don aiki ya yi yawa. Bayan Hajji ya zama idan an shiga sabuwar shekara. Ina yin dambun nama ina sayar wa masu masaukin alhazai, sai na fara miƙa masa ɗari, wani watan hamsin, in ce ya haɗa. Ya karɓa ya haɗa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na iya faɗa, kowa ya shaida. Da na tashi haiƙan, da na kira yayansa Ja'afaru, da na kwanta a bakin ƙofa na ce ba zai fita aiki ba, da Bakri ya je asibiti. Ban yi ba. Ina yin faɗan ne daidai yadda zan ce na yi, sai in sassauta. Ina son gidan nan. Ina son tagar kicin da ke kallon dutse, ina son yadda ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce wata ya ƙare. Na so mijina, na kuma so gidan, na yi ta fatan Allah ya bar mini duka biyun.

Shekara biyu aka ƙara. Wata Talata cikin Sha'aban, da hantsi, jirgin masu Umara ya sauka. Abokan aikinsa sun ce wata tsohuwa ce jakarta ta fashe a kan bel ɗin da ke fito da kaya, ya sunkuya yana taya ta tattara kaya, yana tsokanarta da Hausarsa, sai ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙarfe. Kafin motar asibiti ta iso ya cika. Takardar likita ta ce zuciya ce ta tsaya farat ɗaya. Ba fayil, ba tarihin ciwo, mutum lafiyayye mai shekara hamsin da huɗu.

An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Da maza suka dawo gida, ina daga ciki na ji muryar Yaya Ja'afaru a falo yana sanarwa yadda aka saba, duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same shi. Ba wanda ya motsa. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙanena ya tafi ba nauyin kowa a kansa. Na banki ne kawai, shi kuma yafewa ake yi." Mutane suka yi ta kabbara. Matan da ke kewaye da ni suka yi ta shafa bayana suna cewa in gode Allah, ya bar mini rufin asiri. Na sa mayafi na toshe bakina.

Kwana ɗari da talatin na takaba na yi su ina lissafi, ni da ban taɓa son lissafi ba. Na sa Afnan ta duba mini abin da ya rage. Shekara shida, maimakon takwas. Abin da Bakri ya iya ci ke nan da mukayyif ɗina da jakar Afnan da tafiyata Kano: shekara biyu. Kuɗin shekara shidan ya haura riyal dubu ɗari biyu. Fanshon da za a riƙa ba mu, in aka cire ƙisɗi, ko kuɗin wuta da abinci ba zai kai ba, Afnan kuma saura mata shekara ta gama. Ni ba 'yar ƙasa ba ce, zamana a nan albarkacin 'yata ne. Na juya abin ta kowace fuska. Wani lokacin in ce zan faɗi gaskiya, Allah ba zai bar mu ba. Da na shiga kicin na ga tagar sai in fasa.

Na kira Sanusi. Ya yi ta kuka a waya, daga ƙarshe ya ce, "Sabuwa, ki yi shiru. Yarinya gare ki." Ban ji sanyi ba, don na san abin da nake son ji ya faɗa mini.

Da na fita takaba muka je banki ni da Afnan, ɓangaren mata. Yaya Ja'afaru ya riga ya kai takardun gado, saura sa hannunmu. Wata yarinya ce a teburin, ba za ta girmi Afnan da yawa ba, mai ladabi, ta yi mana ta'aziyya ta sa aka kawo gahawa. Ta turo takardu ɗaya bayan ɗaya tana nuna inda zan sa hannu. A ta ƙarshe ta tsaya ta ce wannan ta masu takaful ce, sai an karanta mini na fahimta.

Afnan ta jawo takardar. Ban san abin da ya shiga kanta ranar ba, sai ta juyo ta yi mini Hausa. Rabon da in ji Hausa a bakinta tun tana 'yar ƙarama.

"Ummi, suna tambaya... Baba yana da ciwo, kafin ya sa hannu na gida? Ke kin sani?"

Hausar ubanta ce sak, har yadda yake jan ƙarshen magana. Na dube ta. Idonta ya kumbura, ta rame, ta sa baƙar abayar da ta yi mata yawa. Ba ta san komai ba. A wurinta ubanta mutum ne da bai taɓa yin ƙarya ba, wanda ke ba banki fiye da abin da ya tambaya. Ba ta ma jira ni ba, ta juya wurin yarinyar ta ce, "La, abadan," wato a'a, ko kusa. Ko asibiti bai taɓa zuwa ba, in ji ta.

Yarinyar ta ce dole sai daga bakina.

Na tuna gonar dabinon nan da ƙarar injin mota. Shekara goma sha biyu mutumin nan yana gudu da ɗari uku da hamsin don kada a zo wannan teburin, ga shi an zo, kuma ba shi a wurin. Na buɗe baki da niyyar gaskiya, Allah ne shaidata. Abin da ya fito shi ne, "Ban sani ba."

"Sai ki sa hannu a nan, khala," ta ce, wato inna.

Na sa.

Bayan sati uku saƙo ya shigo wayar Afnan, an yafe, an rufe bashin. Aka ba mu takardar mallaka da sunayenmu. Afnan ta rungume ni tana kuka tana dariya, Yaya Ja'afaru ya yanka rago. Na dafa, na raba wa maƙwabta, ban iya kai loma bakina ba.

Da wata ya ƙare fansho ya shigo, na ware ɗari uku da hamsin na ƙulle a bakin mayafi, na hau mota ni kaɗai na koma bankin. Yarinyar ta gane ni. Na ajiye kuɗin a gabanta na ce ta zuba a bashin gidan Bakri.

"Khala, ai an rufe. Mabruk, barkanku, ba a bin ku komai."

"Na sani. Ki zuba kawai."

Ta duba na'urarta don ta faranta mini, ta juyo da ita ta nuna mini. Ta ce babu inda za a zuba, asusun ma babu shi. Na ce to masu takaful ɗin fa, ba su da inda ake biyan su? Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wadda mutuwa ta taɓa wa kai. Ta ce su ba sa karɓar kuɗi daga magada, in ina son yi masa wani abu in yi sadaka, ga Harami nan cike da mabukata.

"Sadaka daban, bashi daban," na ce.

Ba ta gane ba, ni kuma ba zan iya ƙarin bayani ba sai na rushe abin da na sa wa hannu. Na kwashe kuɗina na fito. Na tsaya a bakin titi cikin rana, na rasa inda zan nufa. Shekara goma ina yi masa gori yana kai musu abin da ba su tambaya ba, yau ga ni na kawo da kaina an ƙi karɓa.

Daga nan Harami na wuce. Mata ba sa shiga Baƙi'a, sai dai mu tsaya daga waje ta jikin katanga. Ban san inda kabarinsa yake ba, duk iri ɗaya ne, ƙasa da ɗan dutse. Na yi masa sallama. Na so in ce masa gida ya tsira, na kasa. Na so in ce ya yafe mini, na ga ni ma ban gama yafe masa ba. Na yi addu'ar da ta zo bakina na koma gida.

Gwangwanin madarar da maganinsa na ƙarshe ya zo a ciki yana nan, na zubar da ƙwayoyin na wanke shi. A ciki nake sakawa, duk wata ɗari uku da hamsin. Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan. Na yi lissafi da kaina, a haka sai na yi shekara hamsin ina tarawa kafin ya kai abin da aka yafe, ni kuma ina da arba'in da tara, kuma ko ya cika ban san ƙofar da zan kai shi ba. Mukayyif ɗin har yanzu yana ƙararsa.

Afnan ta gama karatu ta sami aiki. Ta ɗauka kuɗin zuwa Kano nake tarawa. Jiya da rana ta shigo ta same ni ina rufe gwangwanin, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Ta ce in daina ƙuntata wa kaina, in gyara ɗakina in ci mai kyau, irin wannan tarin kaɗan-kaɗan ba ya kai mutum ko'ina. Da Larabci ta faɗa, amma maganata ce, har yadda nake ɗaga gira.

Na danna murfin na mayar da gwangwanin cikin kabad.

"Ki bar ni, Afnan," na ce. "Ni na san abin da nake biya."